Katsina Biyu, Hanya Ɗaya: Yadda Yaƙin Katsina da Maraɗi Ya Kai Kasuwa Kano

Ƙofar Sauri arewa take fuskanta. Wanda ya fita ta nan ya miƙe hanya zai ratsa Kaita ya isa Ɗankama, daga can kuma sai ƙasar Nijar. A ƙarni na 19 wannan ɓangare na ganuwar Katsina shi ne goshin Daular Usmaniyya, domin abokin gabar da ke bayansa ba baƙo ba ne. Shi ma Sarkin Katsina yake kiran kansa, yana da Galadimansa da Ƙauransa da Durɓinsa, yana kuma ganin birnin gadon kakanninsa ne da aka ƙwace. Kusan shekara 90 aka yi ana gwabzawa tsakanin Katsina da Maraɗi. Abin da ya ja yaƙin ya yi wannan tsawo shi ne babu ɗaya daga cikin biyun da ya yi shi da ƙarfin kansa kaɗai. Kowanne yana da masu ba shi mafaka da dawaki da mayaƙa, kuma da yawa daga masu taimakon nan hanyar fatauci ce a ransu.

Kafin jihadi, a ƙarni na 18, Katsina ce babbar kasuwar ƙasar Hausa. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamas da Gat da Agadas a nan yake sauke kaya. Wangarawa da Larabawa da Azbinawa suna da unguwanninsu a cikin birni, ana haɗa cinikin gishiri da tufafi da fata da goron Gwanja, ga kuma malamai da ɗalibai daga nesa. Duk wanda ya riƙe Katsina ya riƙe bakin hanyar Sahara.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar, mutum uku ne suka jagorance shi: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Na Alhaji. Sarakunan Katsina da Kano da Daura, ganin abin ya fi ƙarfinsu, suka aika Borno neman agaji, don tun da daɗewa Mai na Borno ne babban da ake kai wa gaisuwa. Borno ta amsa, amsawar kuma ta jawo mata wuta har gida, domin a 1808 masu jihadi suka shiga Birnin Gazargamu. Daga nan ne aka fara wasiƙun nan tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da Muhammadu Bello na Sakkwato. Al-Kanemi yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla suna azumi, Sakkwato kuma tana kafa hujja da cewa Borno ta goyi bayan sarakunan da suka yaƙi jama'ar Shehu Usmanu. Muhawarar malamai ce ta gaske, amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta siyasa ce: wanda ya taimaki abokin gabarka, mene ne hukuncinsa?

Birnin Katsina ya faɗi a 1807 bayan tsare hanyoyi da yunwa mai tsanani. Sarki Magajin Halidu ya fice arewa zuwa Ɗankama, aka bi shi can aka ci garin, labarin da aka gada kuma ya ce rijiya ya faɗa. Sauran 'ya'yan sarki da bayin fada suka naɗa Ɗankasawa, suka nufi Damagaram. A nan ne taimakon waje ya fara aikinsa. Damagaram a lokacin ƙaramar ƙasa ce da ke bin Borno, kuma karɓar sarkin da aka kora ya dace da bukatar Borno ta samun katanga tsakaninta da sabuwar daula. Da ba a ba Ɗankasawa wurin zama ba, da zancen sarautarsa ya ƙare a Ɗankama. Ya yi shekaru a Damagaram da Gafai yana tara jama'a, har wajen 1819, lokacin da mutanen kwarin Maraɗi suka yi wa wakilin masu jihadi tawaye suka kira shi. Kwarin yana da kurmi mai duhu da doki ba ya sakewa a cikinsa, ga ƙasar noma, ga maharba. Nan Katsina ta biyu ta kafu.

Maƙwabtan farko da suka haɗa kai da ita Gobirawa ne, waɗanda su ma aka raba da Alƙalawa a 1808. Azbinawa kuwa ba su taɓa zama baki ɗaya ba. Fadar Agadas tana musayar wasiƙu da Sakkwato cikin mutunci, alhali wasu ƙabilun Buzaye suna hawa raƙuma su bi rundunar Gobir, kamar yadda suka yi tun a yaƙin Tsuntsuwa a 1804. Masu ayarin gishirin Bilma kuma ba abin da suke so illa hanya ta zauna a buɗe, ko wa ke bisa gado.

Har Ingila sai da ta tsinci kanta cikin wannan lissafi. Tawagar Turawan da ta sauka Kukawa a 1823 ta nuna wa al-Kanemi rokoki, kafintan da ke cikinta kuma ya gyara masa mazaunin igwa biyu. Labari ya bazu. Da Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato a 1826 ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, da zai wuce da su Borno, sai ya tarar al-Kanemi ya ɗaura yaƙi ya nufo Kano. Sarkin Musulmi Bello ya riƙe kayan da wasiƙar, ya hana su wucewa. Clapperton ya ɗauki abin cin amana, ya kuma rasu a Sakkwato a Afrilun 1827 da wannan takaici. A ganina Bello bai yi abin da wani shugaba mai hankali ba zai yi ba. Ba a barin baƙo ya ratsa ƙasarka da bindiga zuwa hannun wanda ke yaƙarka, ko da baƙon ya rantse shi ba ya goyon kowa. Sarkin Bauchi Yakubu ne ya tare rundunar Borno ya mayar da ita.

Babban gwajin ƙawancen arewa ya zo a 1836. Sarkin Gobir Ali, da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, da Ibra shugaban wata ƙungiyar Buzaye, suka haɗa runduna ɗaya. Bello ya kira sarakunan daula, aka haɗu a Gawakuke, aka kashe Ali da Rauda. Duk wanda ya ga filin nan a ranar zai ce magana ta ƙare. Amma a shekarar nan Ɗanmari, wanda ya gaji Rauda, ya taimaki Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa wa Gobirawa sabon birni a Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi, sarakuna biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa a kwari ɗaya. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Magajinsa Abubakar Atiku ya kai wa Tsibiri yaƙi, ya rasu a hanyar dawowa a 1842.

Ɓarnar da ta fi taɓa talakan Katsina a farkon shekarun 1840 ta auku. Ɗanmari ya shigo yammacin ƙasar, garuruwan Ruma da kewaye suka tashi suka bi shi, don har lokacin zukatan mutane da yawa suna wajen tsohon gidan sarauta. Sarkin Katsina Siddiku ɗan Ummarun Dallaje ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi ƙwarai. Garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji, yankin ya daɗe babu mai zama sai mahara. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, kuma mai son fahimtar yadda dajin da ke tsakanin Katsina da Zamfara ya zama mafakar 'yan hari ya kamata ya fara daga nan. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiku a 1844 ya naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Siddiku kuwa daga baya ya tsallaka arewa ya haɗa kai da mutanen da ya yi shekaru yana yaƙa.

Yanzu ga inda dukiyar ta tafi. Bature Heinrich Barth ya biyo ayarin gishirin Azbinawa a Janairun 1851, ta Damargu da Tasawa da Gazawa, ya ratsa kufan Ɗankama da dajin da babu kowa, ya iso Katsina. Ya ga ganuwa mai kewayen mil 13 ko fiye, wadda za ta iya ɗaukar mutum 100,000, amma ya ƙiyasta mazauna birnin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, sauran fili duk gonaki ne da kangaye. Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki, yana shakkar barin sa ya wuce Borno, cikin abubuwan da ya nema a wurinsa kuma har da rokoki, irin waɗanda aka ji labarinsu a Kukawa, don ya firgita mayaƙan Maraɗi. Kwana kaɗan bayan haka Barth ya shiga Kano, inda ya ƙiyasta tufafin da ake saƙawa ana rinawa ana fitarwa kaɗai sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Tazarar da ke tsakanin biranen biyu ba ta wuce tafiyar 'yan kwanaki ba.

Dalilin a fili yake. Attajiri ba ya ajiye dukiyarsa inda ake jin kugen yaƙi kowace rani. Larabawan Gadamas suka mayar da gidajensu Kano, Agalawa da sauran fataken goro da ke zaune a ƙasar Katsina suka bi su, masaƙa da marina suka bi kuɗi. Kano tana can ciki, Katsina da Daura da Kazaure suna tare mata iska. Katsina ce ta ɗauki sara da harbi, Kano ta ɗauki ciniki, kuma ban ga alamar Sakkwato ta taɓa samun hanyar rama wa Katsina wannan asara ba. Abin lura kuma shi ne ayarin da Barth ya biyo ya kwana a ƙasar Maraɗi, ya wuce ƙasar daula, ba wanda ya tare shi. Sarakunan ɓangarorin biyu suna karɓar fito da gaisuwa daga madugai, suna bukatar gishiri da dawakin Azbin, don haka akan ɗaga wa ayari ƙafa ko ana tsakiyar gaba. Manomin da ke ƙauyen bakin iyaka shi ne ba shi da wannan kariya.

Ta biyun da ta ci riba ita ce Damagaram. Hanyar Tarabulus zuwa Kano ta karkata ta Zinder, kuma Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya san abin da zai yi da kuɗin. Ya kewaye birninsa da ganuwa, ya sayo bindigogi daga arewa, ya sa maƙera suna zuba igwa ana haɗa albarushi a gida. Ƙasar da ta fara da ba 'yan gudun hijira masauki ta zama mai ƙarfin da ta sa Zango da Ɓaure, inda tsohon gidan sarautar Daura ya koma, a ƙarƙashin inuwarta, har a ƙarshen ƙarnin ta iya kai wa Kano kanta yaƙi. Zamaninsa ya zo daidai da na Ɗanbaskore a Maraɗi, wanda ya yi sarauta daga farkon shekarun 1850 zuwa 1875, ana kuma lissafa masa hare-hare fiye da 80 cikin ƙasashen Katsina da Zamfara da Kano har Zazzau. A lokacin nan burin komawa birnin Katsina ya riga ya dusashe. Yaƙin ya zama sana'a: a kamo mutane da shanu, a sayar, a sayi doki da sulke, a sake fita. Rundunonin daula su ma haka suke yi in sun shiga kwarin Maraɗi. Waɗanda aka kama a ɓangarorin biyu Hausawa ne masu harshe ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya, wasunsu kuma a kasuwannin Zinder da Kano aka raba su da ƙasarsu har abada.

Abin da takobi ya kasa, lallashi ya ɗan yi. Wajen 1860 Sakkwato ta jawo Ɗanhalima, ɗan sarautar Gobir, ta yarda ya kafa Sabon Birni a matsayin mai amana da ita, Gobir ta rabu biyu. Maraɗi kuma bayan Ɗanbaskore ta shiga rikicin gado, ana naɗawa ana tuɓewa, iko ya koma hannun Ƙaura Hasau, har Sarki Mijinyawa ya bar garin ya koma Tasawa. Hare-hare ba su tsaya ba, amma babu sauran runduna ɗaya da za ta iya tsayawa a gaban ganuwar Katsina.

Waɗanda suka rufe yaƙin ba su san kwarin Maraɗi ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi, a 1898 suka sake shi da wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransa ta ci Zinder a 1899, sai ta gane rabon da ta samu hamada ce, babu hanyar da ke da rijiyoyi tsakanin Kwara da Zinder da ayarin sojanta zai bi. Ingila kuma ta ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya shiga Katsina ba tare da faɗa ba a zamanin Sarki Abubakar. A yarjejeniyar Afrilun 1904 Faransa ta saki haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can arewacin Amurka, cikin abin da aka ba ta a madadi kuma har da matsar da iyakar nan kudu. Aka ƙara daidaita ta a 1906, tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamu har 1908. Da haka Maraɗi da Tsibiri da Tasawa suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Ɗankama suka zauna hannun Ingila.

A Daura, Turawan Ingila sun ɗauko Malam Musa daga Zango a 1906 suka mayar da tsohon gida kan gadonsa. A Katsina ba a yi haka ba. A shekarar nan Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, aka ba sarauta, zuriyar Ɗankasawa kuma ta ci gaba da zama a ƙetaren iyaka, inda har yau mai riƙe da gadon ake kiran sa Sarkin Katsinan Maraɗi.