Bangaskiya a matsayin harsashin rayuwa: Hausawa Kirista na kudancin Nijar, daga 1924

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba tarihin wata ƙaramar al'umma wadda masana tarihin ƙasarmu ba su cika waiwaya ba, wato Hausawan da suka karɓi addinin Kirista a yankunan Damagaram, Maraɗi da Tawa. Bisa ƙidayar 2012, Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Amma ƙanƙantar adadi ba ta rage wa tambayarmu nauyi: idan mai bi ya ce bangaskiyarsa ita ce harsashin rayuwarsa, me wannan magana take nufi a ƙasar da aure da gado da jana'iza suke bisa tsarin Musulunci ko na gargajiya? Ra'ayinmu shi ne, ga masu bi na farko maganar ba salon wa'azi ba ce, bayanin halin da suka tsinci kansu ne.

2. Zuwan ƴan mishan

Ƙungiyar SIM ta samo asali a 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar kaiwa ƙasashen Sudan ta Tsakiya. Biyun farko sun rasu a 1894. Sai a 1924 ƙungiyar ta buɗe tasharta ta farko a Nijar, a Damagaram, wadda take babban birnin mulkin mallaka har zuwa 1926. Kafin shekarun 1920 su ƙare ta zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗi.

Tsibiri da Maraɗi garuruwa ne da sarakunan Gobir da na Katsina suka riƙe bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma a karkararsu akwai Anna masu bin addinin kakanni, ga bori da ƙarfinsa. Wuri irin wannan ya fi Damagaram alamar buɗe ƙofa ga baƙon wa'azi. Sai dai gwamnatin Faransa ba ta saki jiki da waɗannan Nasara masu magana da Ingilishi ba. Dokar 14 ga Fabrairu 1922 ta wajabta koyarwa da Faransanci a makarantu masu zaman kansu na Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma zargin ya ƙaru a zamanin gwamnatin Vichy, tsakanin 1940 da 1942.

3. Abin da mai bi yake rasawa

Domin mu gane nauyin tuba a wancan zamani, wajibi ne mu tuna da yadda rayuwar Bahaushe take tsaye. Saurayi yana noma a gandun mahaifinsa, mahaifin ne yake yi masa auren fari, dangi suke raɗa wa ɗansa suna, jama'ar unguwa suke kai shi makwancinsa. A fiƙihun Malikiyya bambancin addini yana hana gado, kuma ba a ɗaura wa Musulma aure da wanda ba Musulmi ba. Ashe ke nan, wanda ya sauya addini yana iya wayar gari babu gona, babu matar aure, babu tabbacin wanda zai binne shi. Ba kowane gida ba ne ya kori ɗansa, amma kowane mai tuba ya san abin yana iya faruwa.

A nan ne misalin da ke cikin Linjilar Matta, sura ta 7, na gidan da aka gina bisa dutse da wanda aka gina bisa rairayi, ya sami ma'ana ta zahiri. Mutumin da ginshiƙan zamansa suka zube dole ya sake gini, kuma ikilisiya ce ta zama sabon dangi: a cikinta ake neman aure, dattawanta suke sasanta rigima, ita take haƙa kabari.

4. Kayan ginin: harshe da magani

Abin lura shi ne, da kayan gida aka yi wannan gini. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. Masu fassara sun riƙe kalmomin da kowane Bahaushe ya sani: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, addu'a, zunubi. A wasu wurare kuma suka ja iyaka. An ɗauki sunan Yesu a maimakon Isa, sannan kalmar bangaskiya, wadda ta fito daga ba da gaskiya, ta tsaya a inda Musulmi zai ce imani. Su kansu suna kiran junansu masu bi. Harshe ɗaya ke nan yake haɗa su da maƙwabtansu, yake kuma bambanta su.

Abu na biyu shi ne magani. An buɗe asibitin Galmi a 1950, kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, sannan gidan kula da kutare na Danja a 1956. Mafi yawan waɗanda aka yi wa magani Musulmi ne, kuma sun koma gida da addininsu. Amma waɗannan wurare sun ba masu bi sana'a da albashi da kuma mutunci a idon jama'a, wato sun maye gurbin gandun da wasu suka rasa.

5. Saɓani a cikin gida

Kada mu ɗauka cewa ƴan mishan da masu bi bakinsu ɗaya ne a kan ma'anar wannan harsashi. Kamar yadda Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006, SIM ta fi ba da ƙarfi ga karatun Hausa domin mutum ya iya karanta Littafi da kansa, tana ɗari-ɗari da ilimin zamani don gudun kada ya ja masu bi zuwa son duniya. Su kuwa iyaye lakkwal suke so, domin Faransanci shi ne mabuɗin aikin gwamnati. A wurin ɗan mishan bangaskiya shawara ce tsakanin mutum da Mahaliccinsa. A wurin uban da ya rasa gado, dole ta ɗauki nauyin ciyar da iyali da makomar ƴaƴa.

Wannan saɓani yana cikin abubuwan da suka sa masu bi neman riƙe ragamar al'amuransu. A farkon shekarun 1960 aka kafa ikilisiyar ƙasa, EERN. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1980, ita ma ta rarrabu, kuma bayan Taron Ƙasa na 1991 sababbin majami'u, da yawansu masu alaƙa da Najeriya, suka shigo da wani salon wa'azi mai fitowa fili.

6. Kammalawa

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin zanga-zangar nuna fushi da zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an kuma yi asarar rayuka. Shugabannin Kirista da yawa sun yi kira ga gafara, wasu Musulmi kuma sun ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. Abubuwan nan biyu ba za su fahimtu ba sai da tarihin da muka zayyana: al'umma ce da ta saba sake gini bayan asara, kuma ba ta taɓa fita daga harshe da unguwa da zumuntar Hausawa ba.

Aikin da ya rage wa ɗalibanmu shi ne tattara bayanan baka daga jikokin masu bi na farko a Tsibiri, Galmi da Danja, musamman mata, tun da rahotannin mishan da na kumandan muryar Nasara suka fi ɗauka. Dattawan da suka ga wancan zamani suna ta ƙarewa, don haka aikin na gaggawa ne.