Bahasi Kan Jeruwar Ƙwayoyin Silika da Kansu Domin Sarrafa Haske

Tun daga shekarar 1987, lokacin da Eli Yablonovitch da Sajeev John, kowanne a nasa nazarin, suka kafa hujja cewa abu mai tsari mai maimaituwa yana iya hana wani zangon haske ratsa shi, masana suka duƙufa neman yadda za a samar da irin wannan abu ba tare da an sassaƙa shi da injuna masu ɗan karen tsada ba. Alhali kuwa Allah cikin hikimarsa ya riga ya ajiye misalinsa a dutsen ofal, wanda wani masani mai suna Sanders ya tabbatar a Ostareliya a 1964 cewa launukansa suna fitowa ne daga ƙwayoyin silika masu girma ɗaya, sahu bisa sahu.

Sharaɗi na farko shi ne daidaiton girma, kuma hanyar Stöber ta 1968 ita ce madogara, domin a cikin itanol da ruwa da amoniya tana fitar da ƙwayoyi masu faɗin nanomita ɗaruruwa, daidai da zangon hasken da ido ke gani, wato nanomita 400 zuwa 700. A tsarin da aka bayyana a Jami'ar Rice a 1999, akan tsayar da gilashi a cikin ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin, a bar shi yana ƙafewa sannu a hankali; yayin da bakin ruwan yake sauka, sai ƙwayoyin su taru a gaɓarsa, su jeru da kansu yadda mai lemo yake jera hajarsa, har su cike kashi 74 cikin 100 na wurin.

Sai dai silika ba ta da isasshen ƙarfin lanƙwasa haske, ma'auninta bai wuce 1.45 ba, ga shi kuwa ana bukatar bambancin da ya kai 2.8 kafin a toshe haske ta kowace fuska. Saboda haka a shekarar 2000 masana daga Toronto da Sifaniya suka cike guraben da silikon, mai ma'auni kusan 3.5, suka narkar da ƙwayoyin, aka sami jerin kogunan iska da ke aiki wajen maikiromita 1.5, zangon da wayoyin sadarwa na gilashi suke amfani da shi.

Babbar mas'alar, a fahimtata, ita ce aibi. Idan ƙwayoyin suka bushe sukan tsuke, fuskar ta dare, haske ya watse ta tsagar, kuma abin takaici ne a ga hoton tsari mai ban sha'awa na ɗan wuri ƙanƙani an gabatar da shi tamkar dukan gilashin haka yake. Ƙoƙarin da aka yi a Harvard a 2010, na jera ƙwayoyi da abin cike gurabensu a lokaci guda, ya rage tsagar ƙwarai. Wajibi ne masu bincike su riƙa bayyana adadin aibin da faɗin wurin da suka auna, domin da wannan ne kaɗai mai ƙera na'ura zai san abin da zai dogara da shi.