Disileksiya: Yadda iyaye za su taimaki yaron da karatu ke yi wa wuya

Disileksiya lalura ce da ke hana yaro haɗa harafi da sautinsa cikin sauƙi, sai karatu da rubutu su yi masa nauyi, alhali basirarsa lafiya lau take. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautukan magana, kuma sau da yawa gadonta ake yi.

Wani likitan ido ɗan ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, shi ne ya raɗa mata wannan suna a shekarun 1880. A 1896 kuma likitan Ingila W. Pringle Morgan ya wallafa bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagare shi.

Alamomi

Yaro mai wannan lalura yakan yi karatu a hankali yana cijewa, ya tsallake kalma, ko ya rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi daban-daban a shafi guda. A boko yakan rikita "b" da "d". A Larabci kuma haruffan da ɗigo kaɗai ke bambanta su, irin su ba da ta, sukan rikice masa. Amma idan aka karanta masa darasi aka yi masa tambaya da baki, sai ya amsa daidai.

A garuruwan da ke kewayen Abuja, kamar Ushafa da ke Ƙaramar Hukumar Bwari, yara da dama na zuwa makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma. Ke nan yaro yana fama da rubutu iri biyu a rana guda, ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama. Idan ba a gane lalurar ba, sai a kira shi daƙiƙi ko malalaci, bulala ta biyo baya, har ya tsani makaranta.

Abin da Musulunci ya koyar

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wanda ke karanta Alƙur'ani yana cijewa saboda yana yi masa wuya, lada biyu gare shi. Ya kamata yaron ya ji wannan hadisi daga bakin iyayensa. Aya ta 286 a Suratul Baƙara ta nuna cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Anas bin Malik kuma ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ba a taɓa yi masa tsawa ba. Saboda haka duka da gori ba su da gurbi a tarbiyyar irin wannan yaro. Addu'a kuwa tana tafiya ne tare da neman taimakon masana.

Matakan da za a bi a gida

Da farko a kai yaron asibiti a duba idonsa da kunnensa, don a tabbatar ba daga can matsalar take ba.

Masana sun fi ba da shawarar koyarwar da ke haɗa gani da ji da taɓawa, wadda aka san Samuel Orton da Anna Gillingham da ita a Amurka tun shekarun 1930. Makarantar allo ta daɗe da irin wannan, inda ake bin babbaƙu kafin farfaru, ana rubutawa ana furtawa. A gida, yaro zai iya zana harafi a kan yashi yana faɗin sautinsa. A Ushafa, garin da ya yi suna da ginin tukwane, yumɓu ba ya wuya: a bar shi ya gina harafin da hannunsa.

A taƙaita darasi zuwa minti 10 ko 15 kullum. A hadda, a fara da sauraron ƙira'a da maimaitawa, sannan a nuna masa a rubuce. Kada a gwada shi da ƙannensa, kuma a yaba masa a kan abin da ya ƙware, lissafi ne ko aikin hannu.

Haka kuma iyaye su gana da malamansa na boko da na Islamiyya, su nemi a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a daina tilasta masa karatu a gaban aji. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi haƙƙin neman ilimi ba tare da wariya ba.

Disileksiya ba ta gushewa da girma, amma idan aka gano ta da wuri aka dage da koyarwar da ta dace, yaro yana iya karatu, ya kuma yi nisa a ilimi.