Tallafin Ƙwararru a Harkar Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Tallafin ƙwararru shi ne taimakon da masana ke bai wa asibitoci, hukumomi da ƙungiyoyi domin su gyara yadda suke kula da masu taɓin hankali da masu shaye-shaye. Ya ƙunshi horaswa, ba da shawara, littattafan aiki da bin diddigin sakamako.

A Amurka, hukumar SAMHSA mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, wadda aka kafa a 1992, ita ce kan gaba a wannan aiki. A 1993 ta buɗe cibiyoyin ATTC don kai sakamakon bincike ga masu jinyar 'yan shaye-shaye, a 2018 kuma ta ƙara irinsu na lafiyar ƙwaƙwalwa da na rigakafin shaye-shaye.

Taron bita kaɗai ba kasafai yake sauya aiki ba. Ma'aikaciyar jinya za ta koyi yi wa majinyaci tambayoyi kan barasa, ta koma asibiti ta tarar katin majinyaci ba shi da gurbin rubuta amsa, ba kuma likitan da za ta tura majinyacin wurinsa. Shi ya sa tallafi mai zurfi yakan ɗauki watanni: ƙwararre ya zauna da shugabanni, a gyara katin, a tsara hanyar tura majinyata, a riƙa duba alƙaluma. Nan ne ainihin amfanin yake, ko da yake ya fi tsada.

A matakin duniya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008 domin horas da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma an gwada shi a Jihar Osun ta Nijeriya.