Gamba: ciyawar iyakar gona da ta ƙetare teku

Wanda ya bi hanyar Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru, cikin watan Maris zai tarar da gonaki tsirara. An kwashe kara, dabbobi sun cinye abin da ya saura, iska ta share sauran. Ranar da ruwan farko ya sauka a kan irin wannan ƙasa, da ita yake tafiya. Amma a bakin wasu gonakin za ka ga jerin gindin ciyawa da aka yanke wa kai, sun bushe kamar babu rai a jikinsu. Kafin manomi ya gama shuka, su sun riga sun yi toho. Gamba ke nan.

Kowa ya san ta, shi ya sa ba mai tsayawa ya dube ta. Da ita ake saƙa zana, a kewaye gida, a yi rumfa, a rufe rumbu. Makiyayi kuwa ya san tohonta ne abincin farko da shanu ke samu bayan wahalar bazara. Ba ta yaɗo a ƙasa kamar kirikiri. Tsiri take yi, tsawonta kan kai mita 3 zuwa 4, amma idan ta jeru, gindinta kan tare ruwa da ƙasar da ya ɗebo. Ƙarfinta yana cikin saiwa: wata tana shimfiɗe kusa da sama tana kama yayyafi, wata mai kauri tana ajiye abinci, wata kuma tana nutsawa neman laima. Wannan ne ya sa take jure rani mai tsawo, ta kuma sake fitowa kowace shekara ba tare da an sake shuka ta ba.

A littattafan masana tsirrai sunanta Andropogon gayanus, sunan da Bajamushen masani Kunth ya raɗa mata a ƙarni na 19. Sai dai a bakin manoman ƙasashen da ke magana da Ingilishi, har yau da sunanta na Hausa ake kiranta.

Tarihin fitarta duniya ya bi ta Shika, kusa da Zariya. A 1928 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gonar kiwon dabbobi a can, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a 1976. Gamba na cikin ciyayin da aka daɗe ana gwadawa a Shika. A 1973, shekarar da fari ya tsananta a yankin Sahel, dabbobi suka yi ta mutuwa daga Senegal har Chadi, aka ɗauki irin gamba daga Shika zuwa cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolombiya. Masana a can suna neman ciyawar da za ta rayu a filayensu masu ƙasa mai tsami, marar taki, inda rani ke rame shanu. Gamba ta karɓi wurin. A 1980 aka fitar da ita ga makiyayan Kolombiya da sunan Carimagua 1, a shekarar kuma hukumar binciken noma ta Brazil, Embrapa, ta fitar da ita da sunan Planaltina. Ciyawar da muke tsallakewa a iyakar gona ta zama iri mai rajista, ana sayar da shi a buhu a Kudancin Amurka.

A Ostareliya labarin ya sha bamban. Tun a shekarun 1930 aka kai ta can don kiwo, a 1978 aka fitar da wani nau'inta mai suna Kent. Ta so arewacin ƙasar fiye da yadda aka zata. Irinta ba shi da nauyi, gashi gare shi, iska da ruwa da tayoyin mota suka yi ta raba shi, har ta fita daga gonakin kiwo ta shiga dazuzzukan da ke kudu da birnin Darwin. A can babu mai lauje, babu mai saƙa zana, kuma a dajin da ta shiga babu garken da zai riƙa cinye ta. Sai ta yi tsawo, ta yi kauri, ta bushe a tsaye. Bincike ya nuna cewa wutar da ta kama a cikinta kan ninka ta ciyayin asalin ƙasar zafi har sau 8, tana kashe manyan itatuwan da suka saba tsira daga gobarar daji. A 2008 gwamnatin Yankin Arewa ta ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma ta shiga jerin ciyayin da ƙasar baki ɗaya ke yaƙa.

Ciyawa ɗaya ce, halinta bai canza ba. Abin da ya raba Shika da Darwin shi ne hannun mutane. A ƙasar Hausa ba a bar gamba ta yi abin da ta ga dama ba. Da kaka a yanke ta, da bazara dabba ta ci tohonta, iyakar gona kuma ta tsare ta a layi. Manoman Maraɗi da maƙwabtansu sun daɗe suna barinta a gefen gonakin gero, ta nuna iyaka, ta rage gudun iska, ta kawo kuɗin zana. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun gwada jerinta a matsayin garkuwar gero daga iskar da ke binne tsiro da yashi, wato suna auna abin da manomi ya riga ya sani.

Abin damuwa a yau shi ne inda gonaki suka matsu, ana nome iyaka har ƙarshenta, bulo da kwano kuma sun rage wa zana kasuwa a garuruwa. Idan gindin gamba ya tafi, ba zana kaɗai aka rasa ba. An cire abin da ke riƙe da bakin gona, kuma daga ƙaramar hanyar ruwa kwazazzabo ke farawa.

Mai lambu ko gangaren da rani ke tuɓewa zai iya dawo da ita daga iri, amma sai da haƙuri. A tsinko kanta da kaka idan ya nuna, a ajiye a busasshen wuri na wasu watanni, domin sabon iri ba ya tsira sosai. Idan damina ta zauna, a gauraya shi da yashi don kada iska ta kwashe, a zuba a layin da ya gitta gangare, a rufe sama-sama, a danne. Shekarar farko ita ce mai wuya: tsiron ba shi da ƙarfi, yana bukatar cirar ciyawa da tsaro daga awaki. Daga shekara ta biyu ba ta neman ban ruwa. Abin da take nema shi ne lauje, kowace kaka, da kuma tazara tsakaninta da ɗaki ko rumbu saboda wuta.

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Irin da Brazil ke sayarwa a buhu yana nan a bakin gonakin Mahuta kyauta, ga duk wanda ya fita da kwando kafin iskar hunturu ta riga shi.