Lanƙwashewa

lanƙwashewa (suna, mace, daga lanƙwashe) 1. Tanƙwarewar abu idan nauyi ya danne shi: azarar soron ta fara lanƙwashewa tun damina ba ta yi nisa ba.

2. (injiniyanci) Gwargwadon gocewar ƙarfe ko kankare daga mazauninsa. Kwamfuta kan yanka zanen gini gunduwa-gunduwa ta lissafa kowace, dabarar da Ray Clough ya raɗa wa suna a 1960.

ƙaramar lanƙwashewa: lissafin da ke ɗauka siffa ba ta sauya ba, a ninka nauyi, gocewa ta ninku. Ya wadatar ga bim ɗin kankare irin na benayen Dutsin-Ma.

babbar lanƙwashewa: wadda ta haura kusan rabin kaurin falle. Dubi tankin ruwan da wani maƙerin Kurfi ya yi wa walda: ana cika shi gefensa ya kumbura, ƙarfen ya ɗame kamar fatar ganga, ya ƙara tauri. Von Karman ya tsara lissafinta a 1910. Nan kwamfuta kan ƙara nauyin kaɗan-kaɗan tana sabunta siffa. Aikin ya fi cin lokaci, amma ga siririn ginshiƙi tilas ne, don lissafin ƙaramar lanƙwashewa kan ɓoye haɗarin karyewarsa.