Macijin Ƙaiƙayi: Tarihin Mugu daga Yaji zuwa Ado

Mu marubutan labaran ban tsoro mun saba ba mugunmu jajayen idanu da dariyar ƙeta, mu sa shi ya sha jini, sannan mu rufe da cewa mahaukaci ne. Kwanan nan kuma wasunmu sun ari wani suna daga likitoci, wato larurar ɗabi'a mai sa mutum ya riƙa take haƙƙin jama'a ba tare da nadama ba. Kafin mu liƙa wa kowane mugu wannan suna, ya kamata mu duba miyagun da tarihin ƙasar Rano da Kibiya ya bar mana, mu ga wanda rigar ta dace da shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Rano a labarin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Yaji ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, ya kuma yi zama a ƙasar Rano. Littafin ya ce zafin ransa tun yana yaro ne ya jawo masa laƙabin Yaji, kuma da ya ci Santolo sai ya sa aka kashe mazan garin. Mai gaggawa zai ce ga mugu nan ya samu, da zafin rai tun ƙuruciya da kisa a girma. Sai dai wannan Yajin ne ya karɓi Wangarawa da Musuluncin da suka zo da shi daga Mali, ya ba su limanci da ladanci. Kisansa na yaƙi ne, irin na sarakunan zamaninsa, kuma yana da mutanen da ya riƙe wa amana.

A ƙarni na 19, abin tsoron kudancin Kano shi ne Ningawa. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, mahara daga duwatsun Ningi, ƙarƙashin shugabanni irin su Ɗan Maje, sun riƙa faɗa wa ƙauyuka suna kwashe mutane, har zama cikin ganuwa ya zama dole. A bakin wanda aka sace wa ɗa, Baninge dodo ne. Amma wanda ya kafa ƙarfin Ningi malami ne, Malam Hamza, da ya bar Tsakuwa da jama'arsa a shekarun 1840 bayan saɓani da hukuma kan haraji. Maharan suna da dalili da jam'iyya, kuma dakarun Kano ma suna kamo bayi a ƙasarsu. Wanda ya rubuta su a matsayin marasa zuciya ya ɗauki ɓangare ɗaya ne a tsohuwar gaba.

To wane ne likitoci suke nufi? A 1801 likitan Faransa Philippe Pinel ya yi bayanin mutanen da tunaninsu yake daidai amma ayyukansu na ɓarna ne. A 1941 Hervey Cleckley na Amurka ya fitar da littafi kan masu sanye da fuskar aro ta lafiyayyen mutum: daɗin baki, ƙarya ba ƙifta ido, rashin kunya. Ma'aunin yau yana neman mutum ya kai shekara 18, alamun kangara sun bayyana kafin ya kai 15, kuma yaudara da ganganci da rashin nadama sun zame masa jiki. Irin wannan mutum ba ya jin muryoyi, ba ya tsince-tsince a bola. Ya san abin da yake yi sarai.

Adabinmu ya riga ya zana shi. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, shekara biyu kafin dokar 1936 ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewa, mahaifiyar Umar ta fita neman ɗanta da aka sace. Ta haɗu da wani Ado, ya nuna zai kai ta inda ɗan yake, ta bi shi cikin hamada, ƙarshenta ta tsinci kanta baiwa. Ado bai zare ido ba, bai ɗaga takobi ba. Ya ga uwa cikin ƙunci, ya ƙiyasta kuɗinta. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar irin su Ado ba ta ba da labari, kuma daga nan tsoron yake tasowa.

Wannan bambanci yana da nauyi a wajen littafi. Duk lokacin da muka kira mai kisa mahaukaci, mai karatu yana ƙara gudun mai taɓin hankalin unguwarsu, wanda galibi shi ake jifa, shi ake ɗaurewa da mari maimakon a kai shi asibiti irin na Dawanau. Kuma ba duk mai larurar ɗabi'ar ba ne yake kisa. Da yawa ɓarnarsu ta tsaya kan bashi, ƙarya da gidajen da suka rushe.

Saboda haka in za mu kafa labari a kasuwar Rano ko wani ƙauyen Kibiya, mu bar mugun ya yi sallama da ladabi, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi rantsuwa ba gargada. Mu nuna tun yaushe ya fara, wa ya rufa masa asiri, da yadda yake mayar da laifi kan wanda ya cuta. Mai karatu ya san dodo ba zai shigo zaurensu ba, amma Ado yana iya zuwa neman auren ƙanwarsa.